Ƙwayoyin bitamin da magungunan itatuwa: wa suke yi wa amfani, wa suke cutarwa?

A watan Yunin 2024 wata mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon wani bincike da ya bi diddigin mutum 390,124 na tsawon sama da shekara 20. Abin da ya fito fili shi ne, yawan mace-mace a cikin masu haɗiyar ƙwayar haɗakar bitamin kullum bai gaza na waɗanda ba sa sha ba. Kafin shekara ta zagayo, a watan Mayun 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da sabon tsari na shekara goma kan magungunan gargajiya. A tsakanin nan kuma, mai juna biyu in ta je awo ba za ta dawo ba sai da ƙwayoyin ƙarin jini. Duk wanda ya ji waɗannan labaran uku a jere, dole ya tambaya: to wanne za a kama?

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake ɗaure abubuwa mabambanta a igiya ɗaya, a yi musu tambaya ɗaya: suna aiki ko ba sa yi? Amsar tana sauyawa gwargwadon wanda ke sha, da abin da jikinsa ya rasa, da yawan abin da ya sha, da abin da ke cikin kwalbar a zahiri.

Abubuwa uku da ake yi wa kuɗin goro

Bitamin sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan don gudanar da aikinsa, amma ba ya iya haɗa wanda zai ishe shi, sai dai ya samu daga abinci. Guda 13 ne: A, C, D, E, K, da dangin B su takwas. C da dangin B suna narkewa a ruwa, yawancin rarar da ta saura kuma fitsari ke tafiya da ita. Wanda ya taɓa shan ƙwayar B ya ga fitsarinsa ya koma ɗorawa shar, abin da ya gani ke nan: bitamin B2 ne da jiki ya ce ya ƙoshi. A, D, E da K kuwa a maiƙo suke narkewa, jiki kan adana su a hanta da kitse, saboda haka suna iya taruwa har su zama illa.

Na biyu su ne ma'adinai irin su sinadarin ƙarfe, aidin, zink da kalsiyam. Sau da yawa ana haɗa su da bitamin a ƙwaya ɗaya.

Na uku, magungunan itatuwa: ganye, saiwa, sassaƙe, fure, ko garinsu da aka ɗura a kafso. Waɗannan ba abinci ba ne da jiki ya rasa. In suna aiki, to ta hanyar sinadaran da ke cikinsu suke yi, kamar yadda maganin asibiti ke yi. Wato bitamin cike giɓi yake yi, tsiro kuwa magani ne. Kalmar "na halitta" da ake rubutawa a kwali ba ta auna komai ba: dafin maciji ma na halitta ne, bitamin C da aka haɗa a masana'anta kuma ba shi da bambanci da wanda ke cikin lemu.

Yadda bitamin ya yi suna

A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware matuƙa 12 a jirgin Salisbury, duk suna fama da cutar da ke kumbura dasashi, ta zubar da haƙora, ta buɗe tsofaffin raunuka, wadda daga baya aka gano rashin bitamin C ne ke kawo ta. Ya raba su biyu-biyu. Wasu ya ba su ruwan teku, wasu ruwan tsami, wasu wani haɗin magani. Mutum biyu ne aka ba lemun zaƙi biyu da na tsami ɗaya kullum. Lemun ya ƙare bayan kwana shida, amma kafin nan ɗayansu ya miƙe ya koma bakin aiki. Sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemu ga matuƙanta. A 1912 Casimir Funk, masanin sinadarai ɗan Poland, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da ya zama bitamin.

Nasarorin farko duk iri ɗaya ne: mutum ya rasa abu, an ba shi, ya warke kamar an yi siddabaru. Gishiri mai aidin, wanda Suwizalan ta fara a 1922, ya rage maƙoƙo ƙwarai. Bitamin D ya magance gwamewar ƙafafun yara a biranen Turai masu hayaƙi. Daga nan sai wani tunani ya shigo: in kaɗan ya tashi majinyaci, mai yawa ai zai ƙara wa mai lafiya lafiya. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan shi ne Linus Pauling, mai lambar Nobel har biyu, wanda a 1970 ya fitar da littafi yana cewa bitamin C mai yawa na hana mura. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi daga baya, an ga shan sa kullum ba ya hana gama-garin mutane kamuwa da mura, sai dai yana rage kwanakinta da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya. In kuwa sai mura ta kama aka fara sha, ba a ga wani tasiri tsayayye ba.

Inda babu ja-in-ja

Akwai wuraren da likitoci ba sa musu a kai, kuma sun fi yawa fiye da yadda masu kushe bitamin ke ɗauka.

Babba a ciki shi ne folik asid, ɗaya daga cikin dangin bitamin B. Laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba. Wani gwaji da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna a 1991 cewa folik asid ya rage maimaituwar haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya da kashi 72 cikin 100. Shi ya sa ake ba wa macen da ke shirin ɗaukar ciki shawarar shan maikrogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga, kuma shi ya sa Amurka ta tilasta zuba shi a garin fulawa tun 1998. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta haɗa shi da sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum saboda ƙarancin jini.

Ga yara, a wuraren da ƙarancin bitamin A ya yi katutu, ana ɗiga shi ga 'yan wata 6 zuwa 59. Binciken da Alfred Sommer ya yi a Indunisiya a shekarun 1980 ne ya nuna ba dundumi kaɗai yake hanawa ba, har mace-macen yara yana ragewa. Ana kuma ba da shi ga yaron da ƙyanda ta kama. Zink tare da ruwan gishiri da sukari na taƙaita gudawa. Allurar bitamin K da ake yi wa jinjiri ranar haihuwa tana kare shi daga zubar jini, har a cikin ƙwaƙwalwa.

Sai B12, wanda ba a samun sa sai a nama, kifi, ƙwai da madara. Wanda ya daina cin waɗannan gaba ɗaya, da tsohon da cikinsa ya rage tsotsa, da mai ciwon suga da ya daɗe kan metfomin, duk suna iya rasa shi, kuma rashinsa na lalata jijiyoyi a hankali ba tare da sallama ba. Haka bitamin D, wanda fata ke haɗawa da taimakon hasken rana, ga wanda rana ba ta taɓa fatarsa sosai.

A duk waɗannan, an san wa ake ba, an san me ya rasa, an san adadin.

Mai lafiya da ke cin abinci ya ƙoshi fa?

A nan gizo ke saƙa, domin mafi yawan masu sayen ƙwayoyin a wannan rukuni suke.

A shekarun 1980 masu bincike sun lura cewa masu yawan cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Aka zaci sirrin yana cikin beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sai aka ɗebi maza 29,133 masu shan sigari a Finlan, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar gaske, wasu aka ba su ta wofi wadda ba komai a cikinta. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan beta-karotin. Wani gwaji makamancinsa a Amurka, mai mutum sama da 18,000, dole aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, domin ƙaruwar ta kai kashi 28. Bitamin E ma haka ya yi: a gwajin maza sama da 35,000, sankarar furostet, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza, ta ƙaru da kashi 17 a cikin masu shan sa, kamar yadda aka bayyana a 2011. Bitamin D, wanda aka ɗora wa buri mai yawa, an gwada shi yunit 2,000 kullum a kan mutum 25,871 da ba a zaɓe su don suna da ƙarancinsa ba. Bai rage kamuwa da sankara ba, bai rage bugun zuciya ba, bai ma rage karayar ƙashi ba.

Me ya sa binciken farko ya ɓatar da masana? Domin mutumin da ke yawan cin ganyaye ko sayen bitamin yawanci shi ne kuma wanda ba ya shan sigari, yana motsa jiki, yana da halin ganin likita. In aka gan shi da lafiya, sai a jingina wa ganyen ko ƙwayar abin da rayuwarsa ta yi masa. Ƙuri'a ce kaɗai ke raba wannan gardama, don ita ba ta san mai hali da marar hali ba. Ban da haka, ɗan itace guda yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai da ƙaiƙayi masu aiki tare. Ciro ɗaya a ninka shi sau goma wani abu ne daban.

Ba duka sakamakon ne babu ba. Gwajin da aka yi kan likitoci maza 14,641 a Amurka ya nuna a 2012 cewa haɗakar bitamin ta rage sankara da kashi 8 cikin 100, ko da yake ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Wani gwaji na baya-bayan nan ya ga ɗan amfani ga tunanin tsofaffi, ana kuma jiran a tabbatar. Akwai haɗin bitamin da zink da ke rage saurin lalacewar gani ga masu wata cutar ido ta tsufa. Da kwamitin ƙwararru mai ba da shawarar rigakafi a Amurka ya auna komai a 2022, ya ce a guji beta-karotin da bitamin E don kariya daga sankara ko ciwon zuciya, haɗakar bitamin kuwa hujjar ba ta isa a ce a sha ko a bari ba.

Itatuwa: hanjin jimina

Babu mai ilimin magunguna da zai raina tsiro. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka tace shi a Faransa a 1820. Mofin, mai kashe raɗaɗi, daga wani fure ne. Asfirin, da metfomin, da digoksin na ciwon zuciya, da binkiristin da ake yi wa yara masu sankarar jini, duk asalinsu na komawa ga tsirrai.

Labarin da ya fi bayyana lamarin shi ne na Tu Youyou. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Sin ta sa a nemo sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta suka tattara girke-girken gargajiya sama da 2,000, suka gwada ruwan tsirrai kusan 200. Wani nau'in tazargade ya nuna alama, amma yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma wani tsohon rubutu na ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Ba a ce a dafa ba. Nan ta gane zafi ne ke kashe sinadarin. Da ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. Daga nan aka samu atemisinin, ƙashin bayan maganin zazzaɓin a yau, ita kuma ta karɓi lambar Nobel a 2015.

Kowane ɓangare na da abin ɗauka a nan. Ilimin magabata ne ya nuna hanya, wannan gaskiya ne. Amma cikin tsirrai kusan 200, ɗaya ne ya tsallake, kuma sai da aka tace aka auna. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen a madadin ƙwayar: yawan sinadarin na bambanta daga gona zuwa gona, ɗan kaɗan kuma ba ya kashe cutar, sai ma ya koya mata jure wa magani.

Wasu tsirran sun ci jarrabawa a yadda suke. Citta na rage tashin zuciyar masu ciki, man na'ana'a na sauƙaƙa wani nau'in murɗar ciki, dangin filasko kuma har asibiti ana ba da su don bushewar ciki. Wasu sun faɗi: ginkgo, da aka daɗe ana tallatawa don kaifin ƙwaƙwalwa, an gwada shi kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon 2008 ya nuna bai hana gigin tsufa ba. Mafi yawa kuwa ba a gwada su yadda ya kamata ba tukuna.

Tsiron da Turawa ke kira da sunan Waliyyi Yohanna ya isa misali. Gwaje-gwaje sun nuna yana taimaka wa masu matsakaiciyar damuwa. Amma yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, sai ƙwayar tazarar haihuwa ta rasa ƙarfi, haka maganin ƙanjamau, haka maganin da ke hana jiki ƙin ƙoda ko zuciyar da aka dasa. Ƙarfin da ya sa yake aiki, shi ne ya sa yake da haɗari.

Me ke cikin kwalbar?

A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam ya riƙa ba mata wani haɗi mai ɗauke da saiwar Sin. Saiwa biyu ne masu kusan suna ɗaya a Sinanci, aka kawo wadda ba ita ba, mai sinadarin da ke cin ƙoda. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace. Cikin 39 da aka yi wa tiyata daga baya, an samu 18 da sankarar hanyar fitsari. Garin neman rama aka rasa ƙoda.

Wannan kuskure ne. Akwai kuma ganganci. Tsakanin 2007 da 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gano kayayyaki 776 da ake sayarwa da sunan na halitta alhali an cusa musu maganin asibiti a ɓoye. Yawancinsu na ƙarfin maza ne, da na rage ƙiba, da na gina tsoka. A na ƙarfin maza, sinadarin Viagra ake samu, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini farat ɗaya. Wani bincike a birnin Boston a 2004 ya samu dalma ko zaiba ko asenik a cikin ɗaya bisa biyar na magungunan gargajiyar Kudancin Asiya da aka saya a shaguna. A Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na ciwon hantar da magani ke jawowa, daga irin waɗannan kayayyaki ne.

Doka ce ta bar ƙofar a buɗe. Tun 1994 dokar Amurka ta ɗauki ƙwayoyin ƙari, wato irin su bitamin da kafson itatuwa, a matsayin dangin abinci: mai su ba sai ya tabbatar suna aiki kafin ya sayar ba, hukuma ce za ta nemo hujjar illa kafin ta janye su. Sai a 2004 aka haramta efedira, wani tsiro da ake sayarwa don rage ƙiba, bayan an alaƙanta shi da mace-mace. Tarayyar Turai na yi wa maganin itatuwa rajista in an nuna an shekara 30 ana amfani da shi kuma yana da tsabta, ba tare da an nemi gwajin warkarwa ba. Ke nan lambar rajista a kwali, a wurare da dama, shaida ce ta cewa an san da kayan, ba shaidar yana warkarwa ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya na cewa ba kowa ke cin abincin da littafi ya tsara ba, ƙwaya ɗaya mai matsakaicin adadi kuma garkuwa ce mai sauƙi. Suna ƙarawa da cewa kamfani ba zai kashe maƙudan kuɗi gwada ganyen da ba zai iya mallakar haƙƙinsa ba, saboda haka rashin gwaji ba hujjar rashin amfani ba ce. Suna kuma nuna cewa mai maganin gargajiya na zama ya saurari majinyaci, abin da likita mai dogon layi ba ya samun yi. Duka ukun akwai ƙamshin gaskiya.

Masu suka na amsawa da cewa cinikin ƙwayoyin ƙari shi ma na biliyoyin daloli ne, manyan kamfanonin magani ma na cikinsa, kuma gwamnatoci sun biya an gwada da yawa, mafi yawa ba su ba da abin da aka zata ba. Game da shaidar "na sha na warke" kuwa, suna cewa mura da ciwon baya da ciwon gaɓoɓi suna tashi suna lafawa da kansu, mutum kuma kan nemi magani ne ranar da ciwo ya kai maƙura, wato daidai lokacin da zai fara sauka. Wanda ya sha bai warke ba, ba a sa shi a talla.

Abin da ya shafi mai saye

Ga mai lafiya, haɗakar bitamin mai adadin da bai wuce buƙatar yini ba, yawanci asararta ta aljihu ce kawai. Matsalar na farawa ne da manyan adadi, ko haɗa kwalabe uku-huɗu masu sinadari ɗaya. Bitamin A mai yawa na iya nakasa ɗan tayi. D mai yawa na tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. B6 mai yawa na kawo dindiris a hannu da ƙafa. Ƙwayoyin ƙarfe, da yake wasu kamar alewa suke, suna iya kashe ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa. Bayotin, da ake sha don gashi da farce, na ruɗa wasu gwaje-gwajen jini, har da wanda ake gane bugun zuciya da shi. Hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Ƙarfe da kalsiyam na hana hanji tsotse wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Likitan da ba a gaya masa abin da ake sha a gida ba, ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Gajiya da jiri da ake saurin sayen bitamin dominsu, suna iya zama alamar ƙarancin jini, ƙarancin jinin kuma na iya zama daga tsutsar ciki, ko gyambon ciki, ko zubar jini a hanji. Ƙwaya na iya ɗaga jinin ta bar sanadin yana ci gaba.

Mafi nauyin illa ba daga abin da aka sha yake zuwa ba, daga abin da aka bari ne. Masu bincike a jami'ar Yale sun kwatanta majinyata 281 da suka zaɓi maganin gargajiya shi kaɗai bayan an gano musu sankarar da ba ta bazu ba, da wasu 560 da suka bi maganin asibiti. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna haɗarin mutuwa ya ninka sau biyu da rabi a rukunin farko. Ga masu sankarar mama, ya haura ninki biyar.